Yadda Ake Gano Abin da ke Sa Injin Babur Zafi Idan an Tsaya a Cunkoso

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin Gadar Kennedy da la'asar ɗin wata ranar Afrilu, yana jiran layin motoci ya motsa zuwa Harobanda, ya san irin hucin da ke tasowa daga tsakanin ƙafafunsa. A Yamai zafin bazara yakan wuce digiri 40 a inuwa cikin Afrilu da Mayu, a kan kwalta kuwa, tsakanin hayaƙin motoci, abin ya fi haka nesa. Mafi yawan baburan da ke yawo a garin, irin su Haojue da Kasea da Boxer masu ƙarfin cc 100 zuwa 150, iska ce kaɗai ke sanyaya su, ba su da radiyeta kuma ba su da fanka. Muddin babur yana tafiya, iska tana ratsa injin tana kwashe zafi, amma da zarar ya tsaya sai iskar ta yanke, alhali wuta ba ta daina ci a cikin silinda ba. A wannan hali abubuwa uku ne suka rage wa injin: haƙarƙarin ƙarfen da ke kewaye da silinda da kan inji, da man inji da ke zagayawa a ciki, da kuma fetur ɗin da ke shigowa, wanda shi ma yana rage zafi yayin da yake zama tururi. Lafiyayyen inji yana jure tsayuwar mintoci da yawa da waɗannan ukun. Wanda ya kasa jurewa, to ko ɗayansu ya yi rauni, ko kuma akwai abin da ke ƙara wa wutar ƙarfi, kuma cunkoso yana tona asirin laifin da gudu yake rufewa ne kawai.

Binciken yana da tsari, kuma tsarin shi ne a fara da abin da ido ke gani, a bar buɗe inji zuwa ƙarshe. Haka kuma kada a canza abu biyu a lokaci ɗaya, domin idan zafin ya sauka ba za a san wanne ya yi maganin ba.

Mataki na farko: a tabbatar zafin ya wuce ƙima

Injin da iska ke sanyayawa dama mai zafi ne. Kan injin, wanda makanikan Yamai ke kira kulas, yakan kai digiri 150 zuwa 200 a kusa da buji, wato fulogi, yana cikin ƙoshin lafiya, saboda haka gwajin da wasu ke yi na ɗiga ruwa ko tofa yawu su ga ya tafasa ba ya nuna komai, tunda ruwa a digiri 100 yake tafasa. Alamun da za ka dogara da su daban ne. Ralanti, wato karatun inji a tsaye, yakan fara hawa da sauka da kansa, ko injin ya mutu ya ƙi tashi sai ya huce. Idan hanya ta buɗe ka ja totur, za ka ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a cikin gwangwani, ƙarfin babur ya ragu, giya ta yi tauri har samun furi ya zama aiki, kuma warin ƙonannen mai ya riƙa tasowa. Idan biyu ko uku daga cikin waɗannan suka haɗu, zafin na gaske ne.

Wanda ya sami ma'aunin zafi mai kama da ƙaramar bindiga, wanda ake nuna wa abu daga nesa, aikinsa ya yi sauƙi. Ka auna gefen buji da kuma gindin inji inda mai yake taruwa. Kan inji da ya haura digiri 230, ko gindin da ya doshi 130, yana cikin haɗari, domin man inji ya fi son aiki tsakanin 80 da 110.

Ka kuma tambayi kanka yaushe abin ya fara, domin wannan tambaya ita kaɗai takan rage rabin aikin. Zafin da ya fara bayan an yi bidanj, wato canjin man inji, yana nuni ga mai, wanda ya fara bayan an wanke karbireta yana nuni ga saiti ko ɓarakar iska, wanda ya biyo bayan canza fistan yana nuni ga aikin da aka yi a cikin silinda, wanda kuwa ya zo a hankali cikin watanni yawanci datti ne ko bawul.

Idan abin ya same ka a tsakiyar hanya, ka kashe injin, ka tura babur zuwa inuwa, ka ba shi minti 15 zuwa 20. Kada ka fasa ledar ruwan sanyi ka sheƙa masa, kamar yadda ake yawan gani a bakin kasuwa. Kan injin na alminiyam ne, hannun rigar silinda kuwa, wato bututun da fistan ke kai da komo a ciki, na baƙin ƙarfe ne, kuma alminiyam yana kumbura da tsukewa kusan ninki biyu na ƙarfe, don haka sanyin farat ɗaya yana iya lanƙwasa kulas ko ya tsaga shi.

Mataki na biyu: hanyar iska

Bayan injin ya huce sarai, ka durƙusa ka duba tsakanin haƙarƙarin nan da fitila. Aikinsu shi ne faɗaɗa jikin injin domin zafi ya sami wurin fita, kuma duk abin da ya cike tsakaninsu ya zama bargo. A nan Yamai ƙurar hunturu ba ta da iyaka, taɓon damina kuma na unguwannin da ba su da kwalta jan laka ne mai kamawa. Idan wani gasket yana ɗan tsattsafo da mai, ƙura takan haɗu da man ta daskare kamar siminti, musamman a gaban silinda inda tayar gaba ke watso ƙasa. Ka jiƙa wurin da kananzir, ka goge da tsohon buroshin haƙori da siririn itace, sannan ka wanke da ruwa da sabulu, ka kuma lura da inda man ke fitowa domin a toshe shi.

Sai ka ja da baya ka kalli babur ɗin daga gaba. Masu babur da yawa suna ɗaura roba ko fata ko allon ado a jikin ƙarfen kariya don tare taɓo, wasu suna rataye jarka ko buhu a daidai gaban inji. A gudu ɗan abin da ya ratsa yakan isa, amma a tafiyar hawainiya ta cikin Katako ko kewayen Babbar Kasuwa wannan shamaki yana hana injin ɗan numfashin da ya rage masa. Fenti mai kauri da aka shafa wa silinda don kyau shi ma yana riƙe zafi.

Ƙananan baburan nan marasa giya, waɗanda mata da ɗalibai suka fi hawa, tsarinsu ya bambanta. Injinsu a rufe yake, kuma wata fanka da ke juyawa tare da injin ita ke tura iska ta cikin murfin roba zuwa silinda. Idan haƙoran fankar sun karye, ko baƙar leda ta manne a ragar da iska ke shiga, ko wani makanike ya cire murfin ya ƙi mayarwa da sunan wai inji ya sha iska, to zafi ya zama dole. Murfin shi ne ke bi da iskar inda ake bukatarta, cire shi kuwa watsar da ita ne.

Mataki na uku: man inji

A babur irin namu mai yana aiki biyu, yana hana ƙarfe cin ƙarfe, yana kuma ɗauko zafi daga fistan da kulas ya sauko da shi gindin inji inda zai huce. Duka man da ke ciki bai fi lita ɗaya ba a yawancin injinan cc 125, a ƙananan ma bai kai ba. Wannan na nufin idan kofin shayi biyu ko uku suka ɓace, wani babban kaso na abin da ke sanyaya injin ya tafi, ragowar kuma zai riƙa zagayawa da sauri ba tare da samun damar hucewa ba.

Ka tsayar da babur a miƙe a wuri mai daidai, ka tayar da shi na minti biyu ko uku, ka kashe, ka jira kamar haka kuma. Ka zare sandar awo ka goge, sannan ka mayar da ita. A injinan da aka kwaikwayo daga ƙirar Honda, waɗanda su ne suka fi yawa a kasuwarmu, ɗora sandar ake yi a bakin ramin ba tare da an murɗa ta ba, domin idan an murɗa za ta nuna mai ya fi yadda yake. Man ya kasance tsakanin alamu biyun da ke jikin sandar, kusa da ta sama. Cika shi fiye da ƙima ma laifi ne, saboda ƙarafan ciki suna kaɗa shi ya yi kumfa, kumfa kuwa ba ta ɗaukar zafi.

Daga nan ka murza ɗigon man tsakanin yatsu ka shinshina. Idan ya tsinke kamar ruwa kuma yana warin fetur, to karbireta tana zubar da fetur cikin inji. Idan ya yi baƙi ƙirin yana warin ƙuna, ya riga ya mutu. Idan kuwa ka ga ƙyalƙyalin garin ƙarfe a cikinsa a hasken rana, to wani abu yana cinyewa a ciki, kuma binciken ya wuce na bakin hanya.

Nau'in mai ma abin dubawa ne. A zafin ƙasar nan mai lamba 20W-50 ya fi dacewa da irin waɗannan injina, sai dai in littafin babur ɗinka ya faɗi wani abu daban, kuma ka nemi alamar JASO MA a jikin galan. Dalili shi ne faifan kuloci na babur a cikin man inji suke wanka, man mota kuwa sau da yawa yana ɗauke da sinadaran ƙara santsi da ke sa kuloci zamewa, zamewar kuma zafi take haifarwa a cikin man da kansa. Man da ake aunawa a kwalba daga durom da ba a san asalinsa ba, a ganina, shi ne arahar da ta fi kowace tsada, domin ba ka da hanyar sanin ko tsohon mai ne aka tace. Littattafan kamfanoni sukan ba da tazarar bidanj ta kilomita dubu biyu zuwa huɗu, amma ga wanda ke wuni cikin ƙura da tsaye-tsaye, musamman ɗan kabu-kabu, ban ga dalilin wuce kilomita 1,500 ba.

Akwai abu biyu da ake mantawa a wurin bidanj. Na farko ƴar ragar tace mai da ke ƙasan inji, wadda ya kamata a ciro a wanke da fetur. Na biyu shi ne tabbatar da cewa famfon mai yana kai mai sama. Ka sa a buɗe ƙaramin murfin bawul, a tayar da injin na ƴan daƙiƙu: ya kamata ka ga mai yana jiƙa wurin har yana fantsama. Idan wurin a bushe yake, ka kashe nan take, domin ko famfon ya gaji ko hanyar man ta toshe, sau da yawa da guntun gam ɗin da aka cika shafawa a wurin haɗa gasket.

Mataki na huɗu: ralanti da buji

Yawancin waɗannan injina an tsara su su yi ralanti a wajen juyi 1,400 a minti, da ɗan sama ko ƙasa kaɗan. Babur ɗin da ke yawan mutuwa a jar wuta, maimakon a nemi dalili, akan murɗa masa sukurun ralanti har ya kai juyi 2,000 ko fiye, mai shi kuma ya riƙa murza totur yana jira. Ƙarin juyi ƙarin wuta ne ba tare da ƙarin iska ba. Ka mayar da shi daidai bayan injin ya ɗumama. Idan ya ƙi zama a can sai ya mutu, wannan shaida ce cewa akwai laifi a mataki na biyar ko na shida.

Buji, wanda maƙwabtanmu na Najeriya ke kira fulogi, shi ne tagar da ake leƙa cikin silinda ba tare da an buɗe ta ba. Ka bar injin ya yi ralanti na kamar minti biyar, ka kashe, ka jira ya huce kafin ka kwance, saboda zaren da ke jikin kulas mai laushi ne kuma yana saurin cinyewa idan da zafi. Bakin buji mai launin shayi da madara yana nuna gaurayen iska da fetur daidai yake. Baƙin toka busasshe yana nuna fetur ya yi yawa, wanda ɓarna ce amma ba kasafai take kawo zafi ba. Baƙi mai danƙo yana nuna inji na shan mai. Wanda ya shafe mu shi ne fari fat kamar alli, wani lokaci da ƙananan ƙuraje ko bakin ƙarfen ya fara narkewa: wannan inji yana jin yunwar fetur, ko kuma bujin bai dace da shi ba.

Ka karanta lambar da ke jikinsa. A tsarin kamfanin NGK, lamba mafi girma tana nufin buji mai saurin fitar da zafi, don haka D8EA, wanda injinan cc 125 masu ƙirar CG ke amfani da shi, ya fi D7EA sanyi, ƙananan injinan cc 110 kuma yawanci C7HSA suke ɗauka. Idan an sa wanda ya fi zafi, bakinsa yakan yi ja har ya kunna fetur kafin lokacinsa. Tazarar bakin ta kasance milimita 0.6 zuwa 0.7.

Mataki na biyar: yunwar fetur

A nan ne aka fi samun ɓarawon, kuma a nan ne aka fi yin kuskure. Fetur yana ƙonewa sosai idan an gauraya kashi ɗaya nasa da kashi 14.7 na iska bisa nauyi, amma injin da iska ke sanyayawa an saba ba shi fetur fiye da haka kaɗan, domin rarar ta taimaka wajen sanyaya shi. A cikin karbireta akwai ƙofofi biyu da fetur ke bi, waɗanda ake kira jiklar. Babbar tana aiki idan an buɗe totur, ƙaramar kuma, wadda raminta bai kai kaurin allura ba, ita ke ciyar da inji a ralanti. Wannan shi ya sa babur zai iya gudu lafiya lau a kan hanyar Dosso, ya shigo gari ya fara ƙuna: babbar ƙofa a buɗe take, ƙaramar ce ta toshe rabi.

Gwaji mafi sauƙi shi ne na cok. Bayan injin ya ɗumama yana ralanti, ka ɗaga cok kaɗan. Lafiyayyen inji zai shaƙe ya nemi mutuwa, mai yunwa kuwa karatunsa zai daidaita, har ya ƙara daɗi. Wata alamar ita ce idan ka murza totur ka saki, juyin ya daɗe a sama kafin ya sauko, ko salansa ta riƙa tas-tas idan ka saki totur a gangara.

Idan alamun sun tabbata, ka fara da robar da ta haɗa karbireta da kan inji. Zafi da rana suna busar da ita ta tsattsage, ta inda iska ke shiga a ɓoye bayan an riga an auna fetur. A ralanti iskar da injin ke ja kaɗan ce, don haka ɗan tsagin da bai kai a gani ba yana iya rikita gaurayen gaba ɗaya, a gudu kuwa ba ya tasiri. Ka fesa ruwan sabulu a kewayen robar da bakin gasket ɗinta injin yana aiki, ka saurara: idan karatun ya canza, ka kama wurin. Wasu da fetur suke wannan gwajin, ni kam ban yarda da watsa fetur kusa da inji mai zafi da wayar buji ba.

Wani maƙwabcina a Yantala ya sha wannan wahala. An gaya masa fistan ne, aka canza, aka gaya masa silinda ce, aka gyara, zafi yana nan. Da ya kai babur ɗin wurin wani dattijon makanike, sai ya saurari ralanti kawai, ya sa babban yatsa ya danne robar, karatun ya sauya. Ya ce masa, "Malam, injinka lafiyarsa ƙalau, iska yake sha ta inda bai kamata ba." Kuɗin robar bai kai ko kusa da na fistan ɗin da aka jefar ba.

Bayan roba sai matatar iska. A nan mutane suna juya lissafi: matatar da ta toshe tana rage iska ne, fetur ya yi yawa, babur ya yi nauyi. Wadda ta yage, ko aka cire ta gaba ɗaya, ko aka huda akwatinta don babur ya yi ƙara, ita ce ke kawo yunwar fetur, ta kuma bar rairayi ya shiga ya ci silinda. Idan ta soso ce, a wanke, a shanya, a ɗiga mata ɗan man inji a matse, idan ta takarda ce kuma sai a canza.

Sannan ka duba saukowar fetur daga tanki. Ka zare tiyo daga karbireta, ka sa bakinsa cikin kwalba, ka buɗe makunnin tanki: fetur ya zubo a jere, ba ɗigo-ɗigo ba. Idan ya fara da ƙarfi ya rage, ka buɗe murfin tanki ka gani, domin ƴar hudar numfashin da ke jikin murfin takan toshe da ƙura. Fetur ɗin kwalba na bakin hanya yakan zo da ruwa da datti, wani lokaci a gauraye da abin da ke rage masa inganci, irin wannan kuwa yana sa ƙarar tsakuwar nan da zafi ko da komai na injin daidai yake. Kafin ka zargi wani abu, ka juye tankin ka sha mai daga gidan mai ka gwada kwana biyu.

Idan duk wannan bai warware ba, a kwance karbireta, a ciro ƙaramar jiklar a ɗaga ta sama a leƙa haske ta cikinta. A wanke da fetur a hura da iskar kwamfresa, kada a soka mata allura ko wayar ƙarfe, domin tagulla ce kuma ramin zai faɗaɗa. A duba tsayin bulo mai iyo da ke cikin kofin karbireta, saboda idan ya yi ƙasa fetur ba zai kai bakin jiklar yadda ya kamata ba. Sai kuma sukurun gauraye, wanda masu neman rage shan mai suka fi cutar da shi. Ka murɗa shi ciki a hankali har ya taɓa, ba tare da matsewa ba, ka dawo da shi zagaye ɗaya da rabi zuwa biyu, daga nan ka riƙa juyawa rubu'i-rubu'i har ka sami inda karatun ya fi tsayi da santsi, sannan ka sauke ralanti da ɗaya sukurun. Ka lura da matsayinsa: idan yana ɓangaren inji, fetur yake aunawa, kwance shi ke ƙara fetur, idan kuma yana ɓangaren matatar iska, iska yake aunawa, ɗaure shi ke ƙara fetur. Sababbin babura masu allurar fetur ba su da wannan sukurun, nasu sai an haɗa da na'urar bincike.

Mataki na shida: bawul da lokacin wuta

Bawul ɗin fitar hayaƙi, ko supap a bakin makanikai, shi ne ƙarfen da ya fi kowane shan wuta a injin, kuma yawancin zafinsa yana sauke shi ne a ɗan lokacin da ya zauna a mazauninsa. An bar masa ƴar tazara domin idan ya kumbura ya ci gaba da rufewa. Masu babur da yawa ba sa son ƴar ƙarar kas-kas da wannan tazara ke yi, sai su ce a ɗaure, makanike kuma ya ɗaure da kunne har injin ya yi tsit. Da sanyi komai lafiya, amma da zarar an tsaya a cunkoso ƙarfe ya miƙe, bawul ya daina zama, wuta ta riƙa tsiyaya ta gefensa, ralanti ya lalace, injin ya mutu, a ƙarshe bawul ɗin ya ƙone. Injin da ya yi shiru da yawa ya fi mai ƴar ƙara ban tsoro.

Ana saita bawul ne da inji mai sanyi, wanda ya kwana ya fi kyau. A juya injin har alamar T da ke jikin faifan maganaɗisu mai juyawa a gefen inji ta zo daidai da tsagin tagar dubawa, a bugun da bawul biyun suke a rufe, sannan a auna da siraran ƙarafan awo masu kama da reza. Injin CG 125 milimita 0.08 yake so, ƙananan cc 110 kuma 0.05, sauran ma yawanci tsakanin 0.05 da 0.10 suke. Ka nace a auna, kada a ƙiyasta.

Lokacin tartsatsin wuta a waɗannan babura akwatin CDI ne ke riƙe da shi, ba a saita shi da hannu. Yana ɓaci ne idan an sa akwatin da ba na injin ba, ko ƴar makullin da ke riƙe maganaɗisu a kan sandarsa ta goce. Wutar da ta yi gaggawa tana dafa fistan da kulas tare da ƙarar tsakuwa, wadda ta makara kuma tana sa wuyan salansa ya yi shuɗi, har ya yi ja da dare. Hanya mafi sauƙi ita ce a ari akwatin wani babur irinsa mai lafiya a gwada.

Kafin a bar waje, a ɗora babur a kan tsayuwar tsakiya a juya tayoyi da hannu don a ga ko birki yana kamawa ko sarƙa ta yi tsauri, a kuma tabbatar hannun kuloci yana da sakin milimita 10 zuwa 20 a ƙarshensa. Riƙe rabin kuloci ana jan ciki a cikin layi yana dafa mai ƙwarai. Gara ka sa furi ka jira, in kuwa ka ga tsayuwar za ta wuce minti biyu ko uku, ka kashe injin.

Idan babur ɗin mai radiyeta ne

Manyan babura da wasu masu ƙafa uku na dakon kaya ruwa ne ke sanyaya su, kuma a gare su zafi a tsaye da sauka a gudu kusan kullum laifin fanka ne. Ka bar injin yana aiki kana kallo: ya kamata fankar ta tashi da kanta idan ruwan ya kai wajen digiri 100. In ba ta tashi ba, ka duba fis ɗinta, sannan ka ba ta wuta kai tsaye daga batir. Idan ta juya, laifin yana ga makunnin zafi ko rile ko waya, idan ba ta juya ba motarta ce ta ƙone. Kada ka kuskura ka buɗe murfin radiyeta da zafi, domin ruwan yana ƙarƙashin matsi, murfin da ke riƙe matsin bar 1.1 (bar ma'aunin matsi ne) yana ba shi damar wuce digiri 120 bai tafasa ba, kuma zai yi tsartuwa a fuskarka. Da ya huce, ka duba yawan ruwan, da robar murfin, da ƙurar da ta cike ragar radiyeta. Idan inji ya yi zafi radiyeta kuma tana da sanyi, ko tamostat, wato abin da ke buɗe wa ruwa hanya idan ya yi zafi, ya maƙale a rufe ko famfon ruwa ba ya turawa. Ruwan rijiya yana barin farar ƙasa da tsatsa a cikin siraran bututun, don haka ruwan radiyeta na galan ya fi, sai dai a kiyaye shi daga yara da dabbobi domin guba ne mai zaƙi. Kumfa da ke tasowa ba ƙaƙƙautawa a bakin radiyeta, ko man inji da ya koma kalar madara, ko farin hayaƙi mai yawa, duk suna nuna gasket ɗin kulas ya ƙone.

Lokacin da buɗe inji ya zama dole

Sai an wuce duk matakan nan ne ake maganar kwance kulas, kuma ko a nan awon matsin silinda ya kamata ya riga sufana. Lafiyayyen injin cc 125 yakan ba da kimanin bar 10 zuwa 13 idan an buga shi da totur a buɗe. Idan awon ya yi ƙasa, a ɗiga ɗan mai ta ramin buji a sake bugawa: in ya hau, zobban fistan ne suka gaji, in bai motsa ba, bawul ne ko gasket. Awon da ya haura ƙima yana nuna gawayi ya taru a kan fistan, wanda yakan yi ja ya kunna fetur da kansa. Injin da aka canza wa fistan kwanan nan kuma yana iya zafi saboda an matse shi da yawa a wurin gyaran silinda, ko an hana shi rodaj, wato tafiyar lallaɓa ta kilomita ɗari biyar zuwa dubu na farko.

Bayan kowane gyara, ka maimaita gwaji iri ɗaya domin ka sami abin kwatantawa. Ka yi tafiyar minti goma sha biyar da tsakar rana, ka tsaya a inuwa inda babu iska, ka bar injin yana ralanti kana duba agogo, ka rubuta minti nawa ya ɗauka kafin karatun ya fara canzawa, da abin da ma'auni ya nuna idan kana da shi. Kada gwajin ya wuce minti goma, kuma ka kashe da zarar alamun farko sun bayyana. Idan ya cika minti goman ralanti bai girgiza ba, ka kashe shi ka sake bugawa nan take: injin da ya warke yana tashi a bugu ɗaya ko biyu. Bayan kwana uku ka sake ciro bujin ka duba launinsa.